Taurari Uku Cikin Biyar

Ƙarfe tara na safe a Umeå, gari bai waye ba,
ko ya waye ma ba daɗewa zai yi ba.
Na tashi daga aikin dare a gidan tsofaffi,
hannuna na ƙanshin sabulun wasu,
na sayi jarida a tasha don an ce muna ciki.

Shafi na ashirin da biyu.
Ga Tuva, da rigar ulun nan mai huji a gwiwar hannu,
jita a cinya, tana kallon gefe
kamar an kira sunanta daga wani ɗaki.
Mu uku muna baya, dishi-dishi.
Ni kafaɗata kawai ta samu shiga.

Taurari uku cikin biyar.

Mai sharhin, wani Torbjörn, ya ce muryarta
shayi ne da ya huce a bakin taga.
Ya ce waƙa ta huɗu ta cika tsawo.
Ya ce mai ganga yana bugu
kamar mai tsoron tada maƙwabta.
To, ai maƙwabtan ne!
A ɗakin ƙasa na gidan su Sixten muka naɗi faifan,
matar sama tana da jariri, tana da sanda,
takwas na yi sai ta daki daɓe sau uku.
Tawul nake shimfiɗa wa gangar.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ya yaba wani gurnani mai zurfi a waƙa ta bakwai,
wai dabara ce ta masu basira.
Firji ne.
Mantawa muka yi ba mu kashe shi ba.
Tuva ta saurara, ta ce a bar shi,
shi kaɗai ne cikinmu bai taɓa kuskure ba.

Na tuntsire da dariya a bas,
wata dattijuwa ta ja jakarta ta matsa.

Sai layin ƙarshe, can ƙasa,
inda ido kan gaji kafin ya kai:
da bazara za ta koma Stockholm,
kundi na gaba ita kaɗai za ta yi shi.

Na karanta. Na goge tabarau. Na sake.

Shekara shida.
Motar Sixten mai tarin asuba,
hanyar Luleå cikin dusar ƙanƙara,
daren da wata ƙatuwar dabba mai ƙaho kamar rassa
ta tsaya a titi tana ƙare mana kallo
har muka makara.
Mutum goma sha ɗaya muka tarar a zauren,
biyu cikinsu masu shara ne,
muka yi musu wasa kamar su dubu.
Majken ta tsinke tsirkiya, ta ƙarasa da uku.

Jiya-jiyan nan muka sha kofi tare.
Ta gutsuro mini rabin burodinta mai kirfa,
ta yi zancen haƙorinta, ta yi zancen kuɗin haya.
Ashe maganar tana ƙarƙashin harshe
kamar tabar da Sixten ke cusawa a leɓe.

Waya ta motsa a aljihu.
"Ebbe, ka gani? Uku kacal!"
Can kuma: "Kada ka karanta ƙarshen. Zan faɗa maka da bakina."

Bakin alƙalami ya riga ya bushe, Tuva.

Bas ta wuce unguwarmu ban sauka ba.
Kogi ya daskare, wani yana tafiya a kansa da kare.
Rana ta leƙo kamar mai bin bashi
ta ga ba kowa, ta juya.

Ban ba ta amsa ba.
Da daddare muna da wasa, ƙarfe takwas,
zan zauna a bayanta kamar kullum,
in ga wuyanta yana ja in ta kai babbar murya,
in haɗa sanduna: ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Amma yau na bar tawul a gida.